Yadda Za Ka Yada Zango a Tuson, Birnin Hamadar Arizona

Babbar hanya mai lamba 10 ta ratsa ƙasar Amurka ta ɓangaren kudu, tun daga gaɓar teku a Kalifoniya har Filorida. Tana shiga hamadar Sonora sai ta bi ta cikin wani birni da matafiya da yawa suka mayar wurin shan mai kawai. Sunansa Tuson, a allon hanya kuwa Tucson za ka ga an rubuta. Yana jihar Arizona, kimanin kilomita 180 kudu maso gabas da Finiks, saura kilomita 100 a kai iyakar Meksiko, kuma mazaunansa sun ɗan haura rabin miliyan. Wanda ya sha mai ya wuce ya yi asara. Wanda kuma ya tsaya babu shiri zai iya barin garin yana Allah wadai, domin a nan rana ce ke tsara wa baƙo yininsa, ba shi ke tsara mata ba. Ga yadda za ka yi kwana biyu a cikinsa ka ga abin gani, ka ci abin ci, ka fita lafiya.

Mataki na farko: duba wata kafin ka duba taswira

Daga Oktoba zuwa Afrilu ne garin ke da daɗin zama. Safiya da sanyi, rana da ɗumi, a Disamba da Janairu ma sai ka nemi rigar sanyi da daddare. Yuni da Yuli kuwa zafi kan wuce digiri 38 a galibin ranaku, kuma a Yunin 1990 an taɓa auna 47. Ka lura cewa ma'aunin Amurkawa daban ne: idan ka ji rediyo ya ce 100, to 38 ke nan a namu lissafin. Daminar hamadar a hukumance daga 15 ga Yuni ce zuwa 30 ga Satumba, ruwan yakan zo da la'asar, da tsawa da iska, ya sauka kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci ya ɗauke.

Akwai wani tarko a ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Lokacin ne ake babbar kasuwar duwatsu masu daraja da ma'adinai, wadda aka fara tun 1955, fatake na zuwa daga ko'ina a duniya. Otal-otal kan cika, farashin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi. In ba don kasuwar za ka je ba, kauce wa waɗannan makonni, ko ka kama ɗaki tun da wuri.

Sai agogo. Arizona ba ta matsar da agogonta gaba da bazara yadda kusan duk sauran jihohin Amurka ke yi. Saboda haka wanda ya taso daga Sabuwar Meksiko da bazara zai tarar ya samu ribar awa ɗaya, wanda ya fito daga Kalifoniya da hunturu kuma ya rasa awa ɗaya.

Mataki na biyu: shirya motar, ka san abubuwa biyu da ke kashe direbobi

Duba ruwan lagireto, iskar tayoyi har da safaya, da na'urar sanyaya mota. Ka ajiye ruwan sha aƙalla lita 4 ga kowane mutum a yini, ka ƙara wani a but wanda ba a taɓawa sai ta ɓaci. Iskar wurin busasshiya ce, gumi na bushewa kafin ka ji shi a jiki, shi ya sa mutum kan bushe bai sani ba. Kada ka jira ƙishirwa. Kada kuma ka bar yaro a cikin mota a rufe ko da na minti biyar ne.

Abu na farko shi ne guguwar ƙura. Tsakanin Finiks da Tuson, musamman kusa da dutsen Picacho, iska kan ɗauko ƙura ta rufe hanya har ba ka ganin hancin motarka. Shawarar hukumar hanyoyin jihar ita ce: ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, ka tsaya, ka ja birkin hannu, ka kashe duk fitilu, ka ɗauke ƙafa daga birki. Batun kashe fitilu yakan ba mutane mamaki, amma dalilinsa a fili yake. Direban da ke bayanka ba ya ganin komai sai jar fitilarka, zai ɗauka tafiya kake, ya biyo ta har ya afka maka.

Na biyu ambaliya ce. Garin cike yake da busassun ƙoramu waɗanda titi ke ratsawa ta cikinsu babu gada. Ruwa na iya sauka a kan duwatsu can nesa, kai kana cikin rana tsaka, sai ga ƙorama ta cika ta kawo. Idan ka ga ruwa na gudu a kan titi, juya. Arizona tana da doka cewa wanda ya kewaye shingen da aka sa ya shiga ruwa, har aka zo ceto shi, ana iya cajinsa kuɗin ceton.

Mataki na uku: raba yinin gida uku

Wannan shi ne ginshiƙin duk tafiyar. Daga asuba zuwa hantsi, waje. Daga azahar zuwa la'asar, inuwa: abinci, gidan tarihi mai rufi, barci, ko hawa dutse inda ake sanyi. Daga la'asar sakaliya zuwa dare, waje kuma. Baƙon da ya yi barci har ƙarfe goma ya karya kumallo a natse sannan ya fita kallon hamada, ya zaɓi mafi munin sa'o'in yini, dabbobi duk sun shige ramuka, hasken ma ya wanke launin komai. Da hunturu za ka iya sassauta wannan tsari, da bazara kuwa babu wasa.

Mataki na huɗu: safiyar farko, nufi yamma

Abin da ya bambanta hamadar Sonora da sauran hamadu shi ne wani dogon tsiro mai ƙaya da ake kira saguaro, wanda ke tsaye kamar mutum ya ɗaga hannuwa sama. A wannan hamada kaɗai yake fitowa da kansa. Gandun gwamnatin tarayya da ke kare shi kashi biyu ne, ɗaya a gabashin birni, ɗaya a yamma, garin na tsakiya. An fara killace wurin a 1933, aka ɗaga darajarsa zuwa cikakken gandun ƙasa a 1994. Ana biyan kuɗin shiga a kan kowace mota, tikitin na aiki kwana 7 a ɓangarorin biyu. Idan lokacinka kaɗan ne, yamma za ka je, can tsiron ya fi yawa da cunkoso. Hanyar zagayen da ke ciki ba kwalta ba ce, amma ƙaramar mota na bi in an tafi a hankali. Mai gudun ƙura sai ya zaɓi gabas, inda akwai zagayen kwalta na kilomita 13.

Ka tsaya kusa da guda ɗaya ka dube shi da kyau. Jikinsa tsaga-tsaga ne daga sama har ƙasa, idan an yi ruwa ya sha sai tsagogin su buɗe ya kumbura, da rani su tsuke. A shekaru takwas na farkon rayuwarsa tsawonsa ba ya wuce na ɗan yatsa, yana fakewa ne a ƙarƙashin wata bishiya. Ba ya fitar da hannu sai ya yi shekara 50 zuwa 75, wani lokaci fiye, kuma yana iya kaiwa shekara 150 zuwa 200. Ke nan wanda ka ga ya haura mita 10 da hannuwa biyar ya girmi kakanka. Ramukan da ke jikinsa aikin tsuntsu maƙwaƙƙwafi ne, in ya tashi ƙananan mujiyoyi su gaje ɗakin. A watan Mayu da Yuni yake fitar da farin fure a ƙoƙon kansa, bayan nan 'ya'ya masu jan ciki, waɗanda 'yan ƙabilar Tohono O'odham ke kaɗowa da dogayen sanduna da aka yi da haƙarƙarin mataccen saguaro, su dafa su zama madi. Yanka shi ko sassaƙa suna a jikinsa laifi ne a doka.

Kafin rana ta ɗaga, hau ɗan tudun Signal Hill, tafiyar mintoci ce, ka ga zane-zanen da mutanen Hohokam, tsofaffin mazauna yankin, suka yi a jikin duwatsu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Sa rufaffen takalmi. Kada ka cusa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba, saboda macijin nan mai kacau-kacau a jela. In ka ji ƙararsa, tsaya, gano inda yake, ja da baya. Akwai kuma wata ƙaya mai suna cholla da gaɓoɓinta ke ɓallewa su manne wa mutum da ya ɗan goge ta. Kada ka cire da hannu, za ta koma hannun ne. Sa matsefi tsakaninta da fata ka fizge. Don haka jefa ƙaramin matsefi a aljihu.

Dab da gandun akwai gidan tarihin hamada, Arizona-Sonora Desert Museum, wanda aka buɗe a 1952. Sunan na ruɗi, domin galibinsa a fili yake, rabi gidan namun daji rabi lambu. A nan za ka ga dabbobin da ba za su yarda ka gan su a daji ba. Ka shiga da zarar an buɗe ƙofa, ka ba shi awa biyu zuwa uku.

Da yamma ka dawo wannan ɓangaren ta mashigar Gates Pass don faɗuwar rana. Hanyar siririya ce mai lanƙwasa, wurin ajiye motoci kuma yana cika da wuri.

Mataki na biyar: ci da lura

A Disambar 2015 hukumar UNESCO ta sa Tuson cikin biranen da ta karrama saboda abinci, shi ne na farko a Amurka. Ba don manyan gidajen cin abinci masu tsada ba ne. Dalilin shi ne an shafe kimanin shekara 4,000 ana noma a bakin kogin Santa Cruz, kuma kowane zamani ya bar abinsa a tukunya. 'Yan asalin wurin sun bar masara, kabewa, da wani ɗan ƙaramin wake mai jure fari da ake kira tepary. Turawan Sifen sun kawo alkama da shanu a ƙarshen ƙarni na 17. Garin ya zauna ƙarƙashin Meksiko daga 1821 har Amurka ta sayi yankin a kan dala miliyan 10 a yarjejeniyar Gadsden ta 1854. Shi ya sa girkin garin na jihar Sonora ta Meksiko ne, wato alkama da naman sa, ba irin na kudancin Meksiko da ya dogara da masara ba. Wanda ke son ganin wannan tarihi a shuke sai ya leƙa lambun Mission Garden a gindin dutsen Sentinel.

Fara da carne asada: naman sa da aka gasa a kan gawayin itacen mesquite, aka yayyanka, aka zuba a kan tortilla ta alkama, wani faifan burodi marar yisti, siriri har kana iya hango inuwar yatsunka ta bayansa. Ana kawo shi da gasasshiyar albasa, kabeji, lemon tsami da miyar barkono kala-kala, kai ke haɗawa da kanka. Mafi daɗinsa ba a tsakiyar gari yake ba, yana kudancin birni, a titin South 12th Avenue da kewayensa, a ƙananan shaguna da motocin sayar da abinci. Bi hayaƙi, ka tsaya inda ka ga layin ma'aikata da tsakar rana.

Sai carne seca, naman sa da ake shanyawa ya bushe, a daddage shi, a sake soya shi da tumatir, albasa da koren barkono. Gidan abincin El Charro, wanda wata mata mai suna Monica Flin ta buɗe a 1922, har yanzu a cikin keji a saman rufin ginin yake shanya nasa, iskar hamada na yi masa aiki. In ka ga nopales a jerin abinci, ganyen wata ƙaya ce mai faɗi da aka kankare aka dafa, yana da ɗan tsami da yauƙi. Barkonon chiltepin kuwa ƙanƙane ne kamar ƙwayar wake, kada girmansa ya yaudare ka. Abin sha, nemi jamaica, wato zobo mai sanyi, ko horchata da ake yi da shinkafa da kirfa. Da tsakar rana babu abin da ya kai raspado, gogaggiyar ƙanƙara da aka zuba wa mangwaro ko tsamiya.

Yanzu ga inda ake buƙatar lura. Abincin da garin ya fi shahara da shi, Sonoran hot dog, sosej ne da aka naɗe da naman alade aka soya, aka sa cikin burodi da wake. Gidan El Güero Canelo har lambar yabo ta James Beard ya samu a kansa a 2018, kuma duk wanda ka tambaya zai ce kada ka bar gari ba ka ci ba. Wanda ba ya cin alade sai ya yi murmushi ya wuce. Wannan mai sauƙi ne tunda a bayyane yake. Mai wuyar shi ne kitsen alade, manteca da Sifaniyanci, wanda ke ɓuya a inda ba ka zato: cikin dakakken wake, cikin tamales, wato ƙullin masara da ake turarawa a naɗe cikin ganye, har cikin ita kanta tortilla ɗin. Wasu gidajen man gyaɗa ko wani man tsiro suke sawa, wasu kitsen, ba ka ganewa da ido. Tambaya ɗaya ce: "¿Tiene manteca?" Ba wanda zai ji haushi, sun saba. Ka kuma haddace sunayen da ke nufin alade ko da ba a faɗa ba: carnitas, al pastor, chorizo, chicharrón, tocino. Wanda kuma ba ya cin nama sai yankan Musulmi, to ya tsaya a kifi da jatan lande, waɗanda ake samu sosai saboda mashigin tekun Kalifoniya da ke Meksiko ba nisa, ko ya nufi unguwar Jami'ar Arizona. Babban masallacin garin na nan dab da jami'ar, kuma masallata za su nuna masa inda ake sayar da halal.

A gidan abincin da ake zama a kawo maka, ana barin tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin. Ba kyauta ba ce ta ganin dama, da shi ma'aikacin ke rayuwa.

Mataki na shida: rana ta biyu, kudu da safe, sama da rana

Ɗauki hanya mai lamba 19 ka yi kudu kimanin kilomita 16. Za ka lura allunan wannan hanya da kilomita suke ba da nisa, ba da mil ba, abin da ba kasafai ake gani a Amurka ba. Iyakar gudu dai da mil take, kada ka rikice. Can za ka hango wani farin gini a tsakiyar fili, majami'ar San Xavier del Bac. Wani limamin Katolika mai suna Eusebio Kino ne ya kafa mishan a wurin a 1692, ginin da ke tsaye yanzu kuma an yi shi tsakanin 1783 da 1797. Dubi hasumiyoyinsa biyu: ta dama ba a ƙarasa ta ba har yau. Ciki kuwa ko'ina zane ne da sassaƙa. Wurin ibada ne da ake amfani da shi, kuma a ƙasar Tohono O'odham yake, wadda ke da hukumarta da dokokinta. Ka sa suturar mutunci, ka rage murya, kada ka ɗauki hoton mutum ba da izininsa ba. A filin gaba, musamman ƙarshen mako, iyalai kan kafa rumfuna suna soya wani faffaɗan burodi a mai, ana ci da zuma ko da wake da jan naman barkono. Nan ma tambayi irin man.

Idan rana ta take, hau dutsen Lemmon. Hanyar Catalina kilomita 43 ce tana murɗawa, daga gari mai tsayin mita 730 zuwa ƙololuwa mai mita 2,790. Cikin awa ɗaya saguaro zai ɓace, ciyawa ta zo, sai dogayen itatuwa masu ƙamshi, zafi ya ragu da digiri 10 ko fiye. Da hunturu har dusar ƙanƙara ake yi ana wasan sulu a kai, wani lokaci a rufe hanyar. Cika tanki kafin ka hau, babu gidan mai a sama. Wajen saukowa sa ƙaramar giya, kada ka dogara da birki har ya yi zafi ya daina kamawa.

Mai sha'awar jiragen sama zai iya musanya dutsen da gidan tarihin Pima, inda aka jera jirage kusan 400. Kusa da shi sansanin Davis-Monthan yake, inda sojan Amurka ke ajiye dubban jiragen da suka daina aiki, saboda busasshiyar iska ba ta barin tsatsa, ƙasar kuma da tauri ba sai an shimfiɗa kwalta ba. Ana hango su ta shinge daga titin Kolb. A ganina dutsen ya fi, musamman ga mai tafe da yara.

Da magariba ajiye mota ka taka a unguwar Barrio Viejo, tsofaffin gidajen laka masu kaurin bango da ƙofofi masu launi, daga nan ka shiga tsakiyar gari, inda Sifaniyawa suka kafa ganuwarsu a 1775. Za ka ga fitilun titi ba su da haske sosai, kuma ƙasa suke kallo. Da gangan ne: tun 1972 garin ya yi dokar rage hasken dare saboda cibiyoyin nazarin taurari da ke kan duwatsun kewaye, irin su Kitt Peak.

Mataki na ƙarshe: fita

Tashi da asuba, tanki cike, ruwa cike. Mai yin gabas yana da kimanin kilomita 500 kafin El Paso, garuruwan tsakani ƙanana ne kuma da tazara, sannan akwai wani filin ƙura kusa da Lordsburg inda shawarar kashe fitilu ke sake aiki. Mai son leƙa Nogales a bakin iyaka ya riƙe fasfo da bizarsa a jiki, ba a cikin akwati ba, domin a hanyar dawowa akwai shingen jami'an tsaron iyaka kusa da Tubac, kuma suna iya tambayar takardu ko da mutum bai tsallaka Meksiko ba.